Shin 'Yan Mormon Sun Yarda Allah Yana Magana Da Waɗanda Ba Nasu Ba?

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko ita ce: "Malam, akwai wani ɗan cocin Mormon a wurin aikinmu da ya ce mini su sun yarda Annabi Muhammadu (SAW) ya samu haske daga Allah, haka ma Konfushiyas da Martin Luther da wasu masu ganin ru'uya. Da gaske haka aƙidarsu take, ko daɗin baki ne irin na mai son jawo mutum? In kuwa sun yarda da haka, me ya sa suke cewa cocinsu kaɗai ne na gaskiya?"

Ɗan'uwa, abokin aikin naka bai yi maka ƙarya ba. Maganar tana nan a rubuce, da sa hannun manyan shugabanninsu. Amma rabin zancen ya ba ka. A wurin 'yan Mormon tambayoyi biyu ne a cikin tambayarka, kuma ba sa yarda a cakuɗa su. Ta farko, shin Allah yana haskaka zuciyar wanda ba ɗan cocinsu ba, har ya nuna masa abu a barci ko a farke? A nan amsarsu e ce, ƙofar kuma a wangale take. Ta biyu, shin wannan hasken yana ba mutum ikon yi wa wani baftisma, ko kafa coci, ko shimfiɗa wa jama'a dokar Allah? A nan amsar a'a ce, babu sassauci ko kaɗan.

Sunan cocin na ainihi shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Tun 2018 shugabanninsa suka roƙi a daina ce musu Mormon, amma da wannan sunan ka yi tambaya, da shi kuma duniya ta san su. Joseph Smith ne ya kafa shi ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar Niyok ta Amurka, kuma addinin kansa a kan ru'uya aka gina shi. Smith ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga kurmi kusa da gidansu yana roƙon a nuna masa cocin da zai bi, sai aka bayyana gare shi aka ce kada ya shiga ko ɗaya, duk sun kauce. Daga nan koyarwar da suke kira Babbar Ridda ta fito, cewa bayan mutuwar manzannin Yesu an ɗauke ikon Allah daga duniya, aka yi ɗaruruwan shekaru babu mai shi. A cewarsu sai a 1829 Yahaya Mai Baftisma ya zo, daga baya Bitrus da Yaƙub da Yohanna, suka ɗora wa Smith da abokinsa Oliver Cowdery hannu suka mayar da shi. Wanda ya ji wannan kaɗai zai ɗauka ba a bar wa kowa wurin tsayawa ba.

Sai dai Littafin Mormon, wanda Smith ya fitar a 1830 ɗin, yana ɗauke da ayoyin da suke ja ta wani gefen. A littafin Alma, sura ta 29, aya ta 8, an ce Ubangiji yana ba kowace al'umma masu koyar da maganarsa daga cikinta, da harshenta, gwargwadon abin da ya ga ya dace da ita. A Nifai na Biyu, sura ta 29, an tambayi masu cewa Baibul ya ishe su ko ba su san al'umma ta fi ɗaya ba, sannan aka ce Allah zai yi magana da dukkan al'umman duniya, su kuma rubuta. A Moroni, sura ta 7, an ce kowane mutum an ba shi Ruhun Almasihu domin ya bambance nagari da mugu, kuma duk abin da ke kiran mutum zuwa ga alheri da ƙaunar Allah daga Allah yake. Musulmin da ya karanta ayar Alma ba zai rasa tuna aya ta 36 ta Suratun Nahli da aya ta 4 ta Suratu Ibrahim ba, inda Allah ya ce ya aika manzo a cikin kowace al'umma, kuma bai aiki wani manzo ba face da harshen mutanensa.

Yadda suka sasanta waɗannan nassoshi shi ne suka jera baiwar Allah hawa-hawa. A ƙasa akwai Hasken Almasihu, wanda suka ce yana tare da duk ɗan Adam da ya zo duniya. Shi ne yake tsikarar zuciya in mutum zai yi ɓarna, ta hanyarsa kuma mai hikima yake samun hikimarsa. Sama da shi akwai ziyarar Ruhu Mai Tsarki, wanda zai iya sauko wa kowa na ɗan lokaci ya tabbatar masa da wata gaskiya. Hujjarsu a nan Karniliyas ne, hafsan sojan Rum da ke sura ta 10 ta Ayyukan Manzanni, wanda mala'ika ya bayyana gare shi tun bai zama Kirista ba. Smith ya yi bayani a 1842 cewa Karniliyas ya samu Ruhun kafin baftisma, amma da ya ƙi baftismar da Ruhun ya rabu da shi. Hawa na uku shi ne baiwar Ruhu Mai Tsarki ta dindindin, wadda ba ta samuwa sai an yi wa mutum baftisma a cocinsu an ɗora masa hannu. A can ƙoli kuma akwai ikon firistanci, wato ikon nan da suka ce an mayar wa Smith, da abin da suke kira mabuɗai, waɗanda shugaban cocin kaɗai aka yarje wa amfani da su dukkansu. Mutumin waje, komai addininsa, yana iya taka hawa na ɗaya da na biyu. Na uku da na huɗu kuwa sai ya shigo. Kamar dattijo ne mai hangen nesa a gari: ana jin shawararsa, wataƙila ma ya fi hakimi sani, amma tunda ba a naɗa masa rawani ba, ba zai yanka wa kowa fili ba.

Yanzu ga takardar da abokin aikinka yake nufi. Ranar 15 ga Fabrairu, 1978, majalisar ƙoli ta cocin, wato shugaba Spencer W. Kimball da mataimakansa N. Eldon Tanner da Marion G. Romney, ta fitar da sanarwa a kan ƙaunar Allah ga dukkan 'yan Adam. A ciki suka ce manyan jagororin addini na duniya, suka ambaci Annabi Muhammadu (SAW) da Konfushiyas, mai hikimar ƙasar Sin, da masu gyaran coci na Turai (sahun da Martin Luther yake ciki), da masana falsafa irin su Sukurat da Aflatun, sun samu wani kaso na hasken Allah, kuma Allah ne ya ba su gaskiyar kyawawan ɗabi'u domin su haskaka al'ummai sukutum. Ka lura, wani kaso aka ce, abin da aka ce an ba su kuma ɗabi'u ne. Annabawan Bani Isra'ila an ware su daban, a matsayin masu share wa Almasihu hanya. Sannan sanarwar ta ƙara da cewa bisharar da aka mayar wa cocinsu ita kaɗai ce hanyar cikakken farin ciki na har abada, wanda bai same ta a duniya ba kuma za a kawo masa ita a lahira.

Girmamawar ba a 1978 ta fara ba, shi ya sa ban yarda da masu cewa dabara ce kawai ba. A 1841, lokacin da suke da birninsu na Nauvoo a jihar Illinois, majalisar birnin ta kafa dokar 'yancin addini, ta jera Katolika da Methodist da Baptist da sauransu, ta kuma sa Musulmi da suna a cikin jerin. Ranar 23 ga Satumba, 1855, biyu daga cikin manyan shugabanninsu da suke kira manzanni, George A. Smith da Parley P. Pratt, suka tsaya gaban jama'a a birnin Salt Lake, hedikwatar cocin, suka yi jawabi a kan tarihin Musulunci. George A. Smith ya ce Annabi (SAW) daga zuriyar Annabi Ibrahim yake, kuma ba shakka Allah ne ya tashe shi domin ya hori duniya a kan bautar gumaka. Ka tuna zamanin da aka faɗi wannan. A Amurka ta lokacin, abokan gaban Joseph Smith da nufin zagi suke kwatanta shi da Annabin Musulunci. Mutanen da aka fatattaka daga Missouri, aka kashe musu shugaba a kurkukun Carthage a 1844, sun san zafin ƙazafi, don haka ba su haɗiye duk abin da ake faɗa a kan Musulmi ba. A zamaninmu ma jami'arsu ta Brigham Young ta buga Tahafutul Falasifa na Imam Gazali a 1997, Larabci da Turanci gefe da gefe.

Duk da haka kada ka fahimci abin a karkace. Ɗan Mormon bai yi imani da manzancin da Musulmi yake shaidawa ba. Alƙur'ani ba ya cikin littattafansu masu tsarki, waɗanda guda 4 ne: Baibul, Littafin Mormon, Koyarwa da Alkawura, da Lu'ulu'u Mai Daraja. Ba su yarda an rufe annabci ba, shugabansu na kowane zamani annabi suke ce masa, Musulmi kuwa aya ta 40 ta Suratul Ahzab ta yanke masa wannan magana. Sanya Annabi (SAW) a sahu ɗaya da Aflatun, ko da zuciya ɗaya aka yi, ba shi ne matsayin da Musulmi ya sani ba. Ka karɓi maganar abokinka a matsayin girmamawa ta gaskiya daga mai wani addini, amma kada ka ɗauke ta shahada.

Labarin da na fi son ba mai neman fahimtar wannan al'amari na wani tsoho ne da ba kowa ya san shi ba, Robert Mason, mutumin Simsbury a jihar Connecticut. Wilford Woodruff, wanda daga baya ya zama shugaban cocin na huɗu, ya saba zuwa wurinsa tun yana saurayi, shi ne kuma ya rubuta labarin. A 1830 Mason ya gaya masa cewa a 1800, yana aiki a gonarsa da tsakar rana, sai ya tsinci kansa a cikin wani makeken lambu. Yunwa ta kama shi, ya yi ta yawo yana neman 'ya'yan itace, bai samu ko ɗaya ba, har ya fashe da kuka. Yana tsaye sai itatuwan suka fara zubewa ta kowane gefe, har ba sauran ko guda. Can sai ya ga tsiro yana fitowa daga saiwoyinsu, ya girma a gaban idonsa, ya yi fure, ya yi 'ya'ya jingim. Ya matsa ya tsinko cike da hannu, zai kai baki ke nan sai ru'uyar ta yanke, ya gan shi a gonarsa. Da ya durƙusa ya yi addu'a, aka fassara masa cewa a lokacin babu cocin Allah a duniya, amma za a kafa shi a zamanin 'ya'yansa, zai ji labarinsa, ba zai ɗanɗana ba. Ya ce wa Woodruff shi ba zai ci 'ya'yan itacen nan ba, amma Woodruff zai ci.

Woodruff ya shiga cocin a ƙarshen 1833, ya rubuta wa tsohon wasiƙa, tsohon ya karanta ya yi murna, ba da daɗewa ba ya rasu ba a yi masa baftisma ba. Woodruff bai ji nauyin kiran sa annabi ba. Ga mutumin da bai taɓa zama ɗan cocin ba, amma an yarda ya gani a farke, ya ji murya, ya faɗi abin da zai zo, labarinsa kuma yana cikin littattafan karatunsu. To amma dubi inda ru'uyar tasa ta nufa. Cocinsu ta nufa.

Wasu shugabannin sun faɗaɗa abin fiye da haka. John Taylor, wanda ya gaji Brigham Young, shugaban cocin na biyu, ya ce a wani wa'azi na 1873 cewa a ƙarnonin da Turawa suke kira zamanin duhu akwai mutanen da suka gana da Allah, mala'iku suka ziyarce su, suka hango abin da ke tafe, kuma in wannan ne duhu, to Allah ya ba shi kaɗan daga ciki. Orson F. Whitney a 1921 ya ambaci Konfushiyas da Zaradusht da Buda, ya kira su bayin Ubangiji a wani mataki na ƙasa, waɗanda aka aiko wa mutanensu da gwargwadon gaskiyar da aka ƙaddara musu. William Tyndale, wanda ya fassara Baibul zuwa Turanci aka kashe shi a 1536, ana yawan ambaton sa a manyan tarukansu cikin waɗanda suka share hanya. Jeanne d'Arc, yarinyar Faransa da ta ce tana jin muryoyin tsarkaka, wadda aka ƙone a Rouen a 1431, James E. Faust ya yabe ta a gaban 'yan matan cocin a 2006, ya ce tana da Hasken Almasihu da ƙarfin halin bin sa. Ka ga hawan da ya ajiye ta.

Emanuel Swedenborg, masanin kimiyya ɗan Suwidin da ya rasu a 1772, ya ce an shigar da shi lahira ya ga sammai uku. Smith ma a 1832 ya ce an nuna masa darajoji uku na ɗaukaka. Edward Hunter, wanda ya san koyarwar Swedenborg kafin ya shiga cocin, ya ruwaito cewa ya tambayi Smith a kansa, Smith ya ce mutumin ya hango duniya mai zuwa, amma rashin abincin yau da kullum ya halaka shi. Ruwaya ce ta mutum ɗaya, an kuma rubuta ta bayan shekaru, amma ta dace da tsarin: an yarda ya gani, ba a yarda ganin ya ishe shi ba.

Ɗaya fuskar kuwa ba ta da taushi, ita ce kuma ba a cika faɗa ba. Amurka ta zamanin Smith cike take da masu da'awar ru'uya, kuma waɗanda suka yi zamani da shi sun sha hukunci mai tsanani. 'Yan Shaker, mabiyan Ann Lee da ta zo daga Manchester ta Ingila a 1774, masu hana aure da ganin Almasihu ya dawo a siffarta, suna da mazauni ba nisa da Kirtland a jihar Ohio, inda Smith yake zaune a lokacin. A 1831 Smith ya aika musu da tawaga ɗauke da wahayin da yanzu shi ne sashe na 49 na Koyarwa da Alkawura, yana cewa Ɗan Mutum, wato Almasihu, ba zai zo a siffar mace ba, hana aure kuma ba daga Allah ba ne. A Nuwamba 1835 wani mai da'awar annabci, Robert Matthews, da aka fi sani da Matthias, ya sauka a gidan Smith. Suka yi hira, ya kwana, daga ƙarshe Smith ya ce masa koyarwarsa ta Shaiɗan ce, ya sallame shi. A Afrilu 1842 jaridar cocin ta Nauvoo ta buga dogon sharhi a kan gwada ruhohi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, Joanna Southcott ta Ingila, Jemima Wilkinson ta Amurka, mabiyan Edward Irving na Landan, ta ce ruhohin ƙarya ne suka ruɗe su. Hujjar sharhin ita ce ba mai iya tantance ruhu sai mai ikon firistanci.

Wannan tsananin a cikin gida ya fara, tun cocin bai cika wata shida ba. Hiram Page yana cikin mutum 8 da suka shaida sun ga allunan da aka ce daga cikinsu aka fassara Littafin Mormon, suruki ne kuma ga iyalin Whitmer, waɗanda suka riƙe Smith tun farko. Yana da wani dutse da yake dubawa, yana rubuta abin da ya ce ana saukar masa game da gina Sihiyona, birni mai tsarki da suke sa rai, da tsarin coci, har Oliver Cowdery ya gaskata shi. Abin da wuya, domin shi ma Smith ɗin da dutse ya yi nasa aikin. A Satumba 1830 sai ga wahayin da ya zama sashe na 28: ba wanda aka naɗa ya karɓi umarni da wahayi domin cocin sai Joseph Smith. Aka umarci Cowdery ya keɓe da Page, su biyu kaɗai, ya gaya masa abin da ya rubuta daga dutsen nan ba daga Allah ba ne, Shaiɗan ne yake yaudarar sa. A taron da aka yi a ƙarshen watan, Page ya janye. Daga nan ƙa'idar ta zauna: kowa yana iya samun wahayi, amma a kan abin da aka ba shi amana kawai. Uba domin gidansa, bishop domin jama'ar unguwarsa, shugaban coci domin cocin gaba ɗaya.

Abin da ni na fahimta daga waɗannan nassoshi da tarihinsu shi ne, ma'aunin da yake aiki a zahiri nisa ne da takara. Wanda ya yi nisa a zamani ko a ƙasa, kamar Konfushiyas, yabonsa ba ya wuya, domin ba ya neman kujerar kowa. Wanda ru'uyarsa ta share wa cocin hanya, kamar Mason, har sunan annabi yana iya samu. Wanda kuwa ya tsaya kusa ya ce shi ma an aiko shi ya ja jama'a, shi ake rufe wa ƙofa, in ɗan gida ne ma abin ya fi tsanani. James Strang ya ce mala'ika ya naɗa shi magajin Smith a 1844, aka kore shi. John Koyle, wani bishop a jihar Yuta, ya ce an nuna masa ma'adinai a cikin wani tsauni, jama'a suka zuba kuɗinsu, majalisar ƙoli ta yi gargaɗi a 1913, aka kore shi a 1948. Ni ban ɗauki wannan munafunci ba. Duk addinin da ya yarda Allah yana saukar da wahayi har yau, dole ya samu hanyar hana kowa zama annabin kansa, in ba haka ba ya tarwatse. Amma adalci ne a faɗa cewa yi wa Sukurat kirki ya fi sauƙi a kan yi wa maƙwabci.

Abin da ya ƙara sauƙaƙa musu wannan sassauci shi ne baftisma domin matattu, wadda Smith ya fara koyarwa a 1840, yana kafa hujja da 1 Korintiyawa 15:29. A aƙidarsu wanda ya mutu bai karɓi bishararsu ba za a yi masa wa'azi a lahira, wani rayayye kuma ya shiga ruwa a madadinsa a haikali, sai mamacin ya zaɓa, ya karɓa ko ya ƙi. Don haka ba sa bukatar jefa Luther a wuta, ba sa kuma bukatar cewa abin da ya samu ya ishe shi. Woodruff ɗin nan dai, a Agusta 1877, a haikalin St. George, ya ce waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka sun zo masa suna tambayar me ya sa ba a yi musu komai ba. Ya shiga ruwa aka yi masa baftisma a madadinsu, tare da wasu fitattu irin su Kolumbus da John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist. A idonsu wannan ita ce karramawa mafi girma. A idon mai wani addini kuwa tana iya zama cin fuska. Yahudawa sun yi ƙorafi a kan sunayen waɗanda 'yan Nazi suka kashe, har cocin ya yi yarjejeniya da su a 1995 cewa zai daina, sai dai in jikan mamacin ɗan cocin ne. A ganina suna da gaskiya, domin wanda aka kashe saboda asalinsa da addininsa ya cancanci a bar sunansa a kan abin da ya mutu a kai.

In ka tambayi ɗan Mormon na yau game da wani takamaiman mai ru'uya, misali yaran garin Fatima na Fotugal a 1917, ko wani fasto da ya ce an nuna masa abu, ra'ayinsa zai ba ka, domin cocin ba shi da tsarin binciken irin waɗannan abubuwa kamar na Katolika. Ma'aunin Moroni zai ɗauko: abin yana kai mutum ga alheri da gaskata Almasihu? Shi ya sa za ka samu biyu daga cikinsu sun saɓa a kan mutum ɗaya, ba kuma wanda ya fita daga aƙida.

Misalin da ya fi kusa da mu a nan Afirka ta Yamma ya faru, shi ne kuma ya fi nuna tsarin da nauyinsa. Anthony Obinna malamin makaranta ne a yankin Mbaise, a jihar Imo ta yanzu. A 1965 ya yi mafarki wani dogon mutum ya kai shi wani kyakkyawan gini ya zagaya da shi ciki. Lokacin yaƙin basasa, yana zaune a gida ba halin fita, ya ɗauki wata tsohuwar mujallar Reader's Digest ta 1958, yana buɗawa sai ga hoton ginin da ya gani, haikalin Salt Lake. Bayan yaƙi ya rubuta wa hedikwatar cocin, aka aiko masa da littattafai, aka ce ba a shirya turo kowa ba tukuna. A Gana kuma Joseph William Billy Johnson ya karanta Littafin Mormon a 1964, ya ce wata safiya ya ji an kira sunansa sau uku an ce ya ɗauki aikin. Shekara 14 ya yi yana wa'azi, yana tara jama'a da sunan cocin da bai yi masa baftisma ba.

Babban abin da ya tsare su shi ne dokar da ta hana baƙar fata 'yan asalin Afirka ikon firistanci tun zamanin Brigham Young, wadda ba a ɗage ba sai a Yuni 1978, kusan wata huɗu bayan waccan sanarwa ta Fabrairu. Wurin nan yana da ciwo, bai kamata a tsallake shi ba. Cocin da yake cewa Allah ya haskaka Aflatun ya bar masu ƙwanƙwasa masa ƙofa suna jira shekara da shekaru saboda launin fatarsu. Shi kansa cocin a 2013 ya fito ya nesanta kansa daga bayanan da aka riƙa kare dokar da su. Yau labarin Obinna da na Johnson suna cikin tarihin da cocin yake bugawa, ana ba da su a matsayin shaidar cewa Allah ya yi magana da mutane tun kafin 'yan mishan su iso. Amma da 'yan mishan suka iso a ƙarshen 1978, mafarkin da muryar ba su ɗauke wa kowa shiga ruwa ba. An yi wa Obinna baftisma ranar 21 ga Nuwamba, Johnson kuma a watan Disamba, sannan aka ɗora musu hannu, sannan aka ba kowannensu shugabancin reshen cocin a garinsu, a kan jama'ar da shi da kansa ya tara tun farko.